Injiniyan da Ya Mayar da Ja Kore

An yi wani mutum a nan garin Lafia, injiniya ne, ba zan kama sunansa ba. 'Yan unguwarsu a Bukan Sidi suka haƙa rijiyar burtsatse, suka ba shi amanar zana hasumiyar ƙarfen da za a ɗora tankin ruwa a kai. Ya bugi ƙirji a gaban dattawa, ya ce siraran ƙafafu huɗu sun isa.

Ya 'yan uwa, masu wannan aiki kan gwada gini a kwamfuta tun ba a sa harsashi ba. Takan yayyanka hoton ginin ƙanana-ƙanana kamar raga, ta auna nauyin da ke kan kowane yanki. Inda ta yi shakka, sai ta ƙara yayyanka wurin, ta sake awo. Da ya gwada zanensa, ta matsa wa mahaɗar ƙafa ɗaya da bincike, wurin ya yi ja, alamar ba zai ɗauki nauyin ba.

Me ya rage masa? Kamata ya yi ya koma ya ce wa dattawa, na yi kuskure. Girman kai ya hana. Sai ya kashe wannan ƙarin binciken, ya bar ragar da manyan ƙofofi. Hoto ya fito kore shar, ya sa hannu.

Ba a ci shekara ba, wata rana da hantsi ƙafar nan ta karye. Tanki ya faɗo wa Jumai, mai sayar da kunu a inuwarsa. Ko shurawa ba ta yi ba.

Aka duba zanensa, ba a ga aibu ba. Laifi ya koma kan Ya'u mai walda, ya rufe shago, ya bar gari cikin kunya. A wurin ta'aziyya mijin Jumai ya riƙe hannun mutumin nan, ya ce, "Injiniya, kai dai ka yi naka. Allah ya saka maka."

Wallahi wannan addu'ar ce ta cinye shi. Ya daina aiki, ya rame, ya koma bin tankunan gari yana korar masu shan inuwa. Ranar da abin ya fi ƙarfinsa, ya tsaya a ƙofar masallaci yana kuka. "Ni na kashe ta! Na ga jan da idona!"

Jama'a suka ce, "Wayyo, injiniya ya taɓu."

Ya 'yan uwa, kun ji mai neman a kama shi da laifinsa, ya rasa mai kama shi. Wa zai yafe maka abin da bai yarda ka aikata ba? Duk wanda aka ba amana ya ga ɓaraka, ya faɗa tun ana jin maganarsa.

Allah ya kiyaye mu da tuban da ya makara.