Ramin da Vernon Ya Zana a Bonet

Wasunku sun riga sun binne iyayensu, alhali tsofaffin na nan zaune a falo suna shan kofi. Ba zan kira suna ba, kun san kanku. Ku ne masu lulluɓe kayan uba da tamfol kuna cewa adana masa kuke yi. Ƙarya kuke, kanku kuke adana wa. Ku karanta wannan har ƙarshe, in ya so ku zage ni a ƙasa, na saba.

Akwai wani tsoho a layinmu a nan Sapulpa, sunansa Vernon Tackett. Ƙofar garejinsa tana kallon tagar kicin ɗina, don haka ba wani ne ya ba ni labarin nan ba.

Vernon yana da mota 'yar 1970, ja wur, mai dogon hanci da injin silinda takwas. In ya tayar da ita, kofuna rawa suke a kan kantata. Sabuwa dal ya saye ta da ya dawo daga soja, kuma fentin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta.

Burinsa ɗaya ne tun yana saurayi: ya ɗora mata sufacaja, na'urar nan da ake zaunarwa a kan inji tana danna masa iska da ƙarfi har ƙarfinsa ya kusa ninkawa. Hidimar 'ya'ya ta hana, jinyar matarsa ta hana. Sai da ya yi furfura ya sayo ta, kwalaye uku. Ko buɗe su bai gama ba shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ta koma kalma ɗaya ɗaya, ita ma da ƙyar.

'Ya'yansa biyu ne. Babban, Royce, yana cikin ƙungiyar masu tsofaffin motoci, irin mutanen nan da ke zuwa baje koli da tocila suna leƙa ko noti ɗaya an canza. Shi ya zo ya rufe motar da tamfol, ya tura kwalayen lungu.

"Kada kowa ya taɓa ta," in ji shi. "Tarihin Baba ce."

A gaban Baban ya faɗa, yana zaune a keken guragu yana kallonsa.

Ƙanwar Royce, Lorene, direbar bas ɗin makaranta, ita ta dawo gidan tana kula da tsohon. Ita ta lura cewa kullum da safe in ta tura shi ya sha hantsi, ba titi yake kallo ba, kwalayen yake kallo. Likita kuwa ya riga ya gaya mata cewa ciwon zai iya dawowa kowane lokaci, kuma in ya dawo ba lallai ya bar shi ba.

Da aka yi hutun makaranta, ta yaye tamfol ɗin.

"Baba, ni dai canza baƙin mai kaɗai na iya," ta ce. "Kai ne kai, ni ce hannu. In na yi shirme ka buga sandarka."

Ya buga sandar a ƙasa tun ba ta fara ba.

"Tun yanzu? Ko sifana ban ɗauka ba fa."

Ya nuna batir. Ba ta cire wayarsa ba. Ta yi dariya, shi ma rabin bakinsa ya motsa.

Haka suka yi ta yi. Bugu ɗaya, daidai ne. Bugu biyu, tsaya ki sake dubawa. Ta cire kabureta, ta cire murfin saman injin, ya sa ta cusa tsummoki a ramukan da iska ke shiga don kada wani abu ya faɗa ciki. Ta kankare tsohon gasket, shimfiɗar nan da ke manne tsakanin ƙarafan injin, har yatsunta suka fashe. In zafi ya yi yawa ta haɗa musu shayi mai ƙanƙara, su ci burodi da gasasshen nama a kan kwali. Ni ma nakan tsallaka in kama mata abu mai nauyi, ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni.

Ranar da ta zaunar da sufacajar a kan injin ta ɗaure ta tsaf, ta ja baya tana goge hannu, sai ta ji bugu biyu.

"Me kuma?"

Ya nuna tiren da take zuba notuna. Ya nuna wani wuri a gefen injin da ya kamata a ce akwai ƙaramin noti. Babu a wurin, babu a tire.

Ta share ƙasa. Ta shiga ƙarƙashin motar da tocila. Ta zazzage aljihunta, har takalminta ta cire. Babu.

"Ya gangara waje ne, Baba. Zan sa wani."

Bugu biyu.

"Aikin sati guda ne fa kake so in warware."

Bugu biyu, da ƙarfi.

Ta fita bayan gida. Na ji ta harbi bokiti ya bugi katanga, ta faɗi wasu kalmomi da ba za ta faɗa a cikin bas ɗin yara ba. Sannan ta dawo ta ɗauki sifana ta soma kwancewa. A ramin silinda na baya, inda tsumma ya zame, nan notin yake kwance. Da ta tayar da injin a haka, da ya tauna shi ya farfasa kansa.

Ta ɗaga notin tana kallon tsohon. Ya buga sanda sau ɗaya, ya ɗauke kai kamar ba shi ba.

Ta sake haɗawa, ta ja bel, ta mayar da komai. Sai ta sauke bonet, ya ƙi rufuwa. Sufacajar ta fi shi tsawo da kusan tafin hannu. Duk wanda ya taɓa yin wannan aikin ya san da haka, Vernon ma ya sani tun ranar da ya saya.

A ranar Royce ya iso. Wani ɗan ƙungiyarsu ne ya wuce ya hango gareji a buɗe ya kai masa rahoto.

Ya tsaya a ƙofa yana kallon injin kamar ya tarar da gawa.

"Lorene, kin haukace?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga Baba nan, ko za ka gaishe shi?"

"Sannu, Baba." Bai ko waiga ba. "Kin san motoci nawa irin wannan suka rage da fentinsu na asali? Bas kike tuƙawa, ba ki san abin da kika taɓa ba."

"Na san dai ba naka na taɓa ba."

Ya ja numfashi, ya sassauta murya, irin ta mai lallashin yaro. "To, an yi an gama. Injin ana iya mayar da shi yadda yake. Amma bonet ba a yanka shi, in an yanka an yanka har abada. Zan sayo na roba mai rami a sa. Wannan a naɗe shi a bargo a ajiye saboda gaba."

Ku ji fa, maganarsa ba ta wauta ba ce. Ni kaina na kusa gyaɗa kai.

Lorene ta ajiye tsumman hannunta. "Gaba yaushe?"

"Kin gane abin da nake nufi."

"Ban gane ba. Bas nake tuƙawa. Gaba yaushe, Yaya? Ga shi nan zaune, kunnensa garau. Juya ka gaya masa ranar da kake ajiye wa bonet ɗin."

Royce ya kawar da kai. Wuyansa ya yi ja.

Sai muka ji ƙarar keke. Vernon ne yake tura taya da hannun hagu, keken na karkacewa, har ya kai jikin motar. Ya ɗauki baƙin alƙalamin maka a kan benci, ya cire murfin da haƙori. Ya miƙa hannu kan fentin nan da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, ya soma ja. Hannun hagu ne, bai saba rubutu da shi ba. Layin ya tafi, ya karkace, ya dawo. Inda hannunsa bai kai ba Lorene ta juya masa keken ya ƙarasa ta ɗaya gefen. Ya zana rami mai kusurwa huɗu, kusurwa ɗaya ta bauɗe kamar kunnen kare.

Sannan ya dubi ɗansa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"Tawa."

"Baba, ba ka cikin..."

"Tawa."

Royce ya ɗauki makullinsa. "In kuka kai ta taron baje kolin motoci na Asabar a haka, kada ku nuna kun san ni."

Lorene ta bi layin da injin yankan ƙarfe. Na ce mata ta ɗan miƙar da kusurwar nan, ba wanda zai sani. Ta ce, "Shi zai sani." Ta yanka yadda ya zana, da karkacewar da komai. Bonet ya rufu, sufacajar ta leƙo ta ramin tana ƙyalli.

Ba ranar suka fita ba. Tsohon ya hana ta taka totur sai da suka yi kwanaki suna saita mai da wuta, yana kasa kunne, yana sa ta cire fulogi ta nuna masa launinsa. Sau ɗaya injin ya yi tari ya tofo wuta ta sama har ya babbake mata gira. Ta ce, "Ka gani ko?" Ya yi dariyar da ta sa shi tari shi ma.

Da safiyar Asabar ɗin da suka shirya, ta kira Royce a gabana.

"Za mu fita da Baba. Akwai wuri a baya."

"Ina da abin yi."

"Yaya, ka zo."

Ya kashe wayar.

Ni na taya ta ɗaga tsohon muka sa shi a gaba muka ɗaure masa bel, ni kuma na samu kujerar bayan. A filin taron, masu tocila suka kewaye mu. Wani mai hular kaboyi ya shafa kusurwar da ta bauɗe ya ce, "Wane mahaukacin ne ya lalata wannan motar?"

Vernon ya ɗaga hannun hagu ta taga, kamar ɗalibi a aji.

Mutumin ya cire hularsa. Royce na can gefe da kofin kofi a hannu, ya juya mana baya.

Daga nan Lorene ta ɗauki tsohuwar hanyar da ta yi yamma, inda babu kowa sai shanu. Tana tafiya a hankali, irin tuƙin bas. Vernon ya ɗaga sanda ya buga ƙasan motar sau biyu.

"Me na yi kuma?"

Ya nuna ƙafarta.

Ta taka. Sufacajar ta saki kukan nan nata mai tsini, hancin motar ya ɗaga, kaina ya bugi kujera. Tsohon nan da ya yi shekara biyu ba a ji muryarsa sosai ba ya buɗe baki ya yi ihu irin na yaro a kan lilo, yana dukan ƙofa da tafin hannu, hawaye na gudu zuwa kunnensa. Da ta sassauta, ya ce, "Kuma."

Ta sake. Ya ce, "Kuma."

Duk Asabar suka yi ta fita har sanyi ya shigo. Duk Asabar tana kiran Royce, duk Asabar yana da abin yi. Kafin Kirsimeti ciwon ya dawo, bai bar Vernon ba.

Bayan jana'iza Lorene ta miƙa wa yayanta makullin motar. "Ga ta. Gaba ta zo."

Ya samu abin da yake jira. Amma har yau bai sayi bonet ɗin roba ba, kuma da wani mai gyaran bodi ya ce zai iya miƙar masa da kusurwar nan, saura kaɗan ya mare shi. Rannan na gan shi a garejin shi da ƙanwarsa, yana bin karkataccen layin da yatsa.

"Da kika taka," ya ce, "me ya yi?"

"Na gaya maka sau nawa, Yaya."

"Sake gaya mini."

Ta sake gaya masa. Iyakar rabonsa ke nan, labari, alhali kujerar baya tasa ce. Ni maƙwabci na zauna a kai.

Darasi: Kayan mai rai nasa ne har ranar da ya daina numfashi. Kada ka mayar da ubanka ko uwarka masu gadin abin da kake jira. In akwai burin da ya rage musu, kai ne hannun da suka rasa, ka cika musu shi yau, ko da fenti zai lalace. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman wanda ya faɗo muku a rai tun a layin farko. Wanda kuma ya ce shi bai taɓa kallon kayan tsohonsa ya ce "saboda gaba" a zuciyarsa ba, ga wurin sharhi nan a buɗe. Ya rubuta sunansa na gaskiya ya ƙaryata ni.