Takardar da Sallau Ya Ƙi Sa wa Hannu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Sallau ake ce masa. Ba likita ba ne, jama'a. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani ƙaramin asibiti, shi ake kai wa jini da fitsari da bayan gida a kwalba. Abin da wasu ke toshe wa hanci, da shi yake ciyar da iyalinsa.

To, Sarkin Pawan garin, Alhaji Ɗangoggo, ya shekara goma yana fama da gyambon ciki. Likita ya ba shi maganin kashe ƙwayar cutar da ke cin cikin nasa, zafi ya lafa. Likita ya ce, "Alhaji, ka warke. Ba sai an zura maka na'ura ta maƙogwaro ba, a auna bayan gida kawai mu tabbatar."

Sallau ya auna, bai ga komai ba. Ku saurara! Da wani ne, da ya sa hannu a takardar sakamako a wuce wurin. Shi kuwa sai ya fito, ya rusuna gaban Sarkin Pawa.

"Ranka ya daɗe, maganin kwantar da zafin ciki fa, yaushe rabonka da shi?"

"Ko yau na sha. Kullum sai na sha."

"To, wannan magani yakan sa ƙwayar ta lafe, awo ya kasa ganinta. A dakatar da shi mako biyu, mu sake aunawa."

Sarkin Pawa ya hasala. "Likita ya ce na warke, kai mai wankin kwalba ka ce a'a?"

Likita ya ji kunya, ya ja Sallau gefe. "Me awo ya nuna?"

"Babu komai."

"To rubuta babu komai. Ƙarya ka yi?"

'Ya'yan Sallau biyar suka faɗo masa a rai. Sannan ya ce, "Likita, alƙalamina ba zai yi ƙarya ba, amma mutumin nan da ƙarya zai tafi gida. Ba zan sa hannu ba."

Ranar aka sallami Sallau daga aiki. Ya ɗauki fartanya ya koma gona. Maƙwabta suka ce taurin kai ya ja wa yaransa yunwa. Shi dai ya ci gaba da nomansa, jama'a!

Bayan wata huɗu, Sarkin Pawa ya yanke jiki ya faɗi a mahauta yana aman jini. Aka garzaya da shi babban asibiti a birni, aka tarar ƙwayar tana nan daram, ta ci ciki ta yi rami. Allah Ya sa da sauran kwana, ya tashi.

Da ya dawo, bai nufi gidansa ba. Da ƙafa ya taka har gonar Sallau, mahauta na biye da shi, likita a bayansu kai a sunkuye.

"Malam Sallau, a bainar jama'a na zage ka, a bainar jama'a nake neman gafara."

"Wallahi na yafe tuntuni, ranka ya daɗe. Roƙona ɗaya, a auna mutanen gidanka. Ƙwayar nan takan bi iyali."

Likita ya mayar da shi bakin aikinsa, ya ɗora shi shugaban ɗakin. Shi ya auna gidan duka, ya samu cutar a jikin yara uku, aka yi musu magani suka warke sarai. Allahu Akbar!

'Yan'uwa, gaskiya ba ta tsaya a "ban yi ƙarya ba". In ka san abin da zai cuci ɗan'uwanka ka yi gum, ka ci amana, ko da kowace kalmarka daidai ce. Kai makanike da ka ga birki ya ci ka ce mota ta tashi ai, da kai nake. Ke mai sayar da man ja, ke ma kin san abin da kika sani. Ku faɗa, ko za a kore ku. Mai kora mutum ne, Mai ciyarwa Allah ne. Allah Ya sa mu cika da amana.