Babur Ɗaya, Ƙanne Uku

Ku gyara zama, yau na zo muku da abin gardama.

A wani ƙauye can arewa, inda yashi ya cinye hanya, akwai wata mata mai suna Hansatu. Ita ta raini ƙannenta uku, Tanko da Mamuda da Sallau, bayan rasuwar uwarsu. Wata safiya tana tsince itace, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Kafin a kawo ta gida jini ya fara fita daga dasashinta. Asibitin da ke da allurar maciji kuwa yana bayan tuddan yashi da wani rafi. Tana kwance tana jin mata na salati, tsoro ya kama ta ƙwarai.

Mamuda bakanike ne. Ya daɗe yana ɓarnatar da ɗan abin da ya samu a kan wani tsohon babur: sabuwar sarƙa, gyararren inji, tayoyi masu haƙora. Ita kanta Hansatu ta sha yi masa tsiya, wai ya auri ƙarfe. Ran nan duk baburan garin babu mai iya shiga yashin da mutum uku sai nasa. Bugu ɗaya ya tashi.

Tanko kuwa babu wanda ya kai shi sanin yashi, amma tun da ya faɗi da babur ya karye a cinya ya daina hawa, ko ƙarar babur ba ya son ji. Duk da haka ya tsuguna yana sace iskar tayoyin.

"Yaya Tanko, sababbi ne fa, za ka lalata su!" in ji Mamuda.

"Taya mai tauri nutsewa take yi. Matsa," in ji Tanko.

Ya hau, aka sa Hansatu a tsakiya, Sallau ya riƙe ta ta baya. Tanko bai taɓa birki ba, bai kuma yi faɗa da kan babur ba, in ya karkace sai ya bi shi da jiki. Ta ji bayansa ya jiƙe sharaf da gumi, yana ta addu'a, amma bai sassauta ba ko a tudun da ya taɓa kayar da shi.

Sai ga rafi ya kawo, ruwa har ƙirji. In ruwa ya shiga inji, tafiya ta ƙare. Sallau, autansu, bai san komai game da babur ba, shi dai noma da gudu da cin tuwo. Ya ce, "Yaya, riƙe ni da kyau." Ya goya ta ya ƙetare, ya dawo ya saɓa babur ɗin nan a kafaɗa, ya sake ƙetarewa yana nishi. Da yashin ƙetare ya yi laushi, sauka ya yi yana turawa da gudu har bakin asibiti, inda ya zube.

Allah ya yi da sauran kwana, Hansatu ta tashi.

Ranar sallama likita ya ce mata, "Hajiya, a gadon nan da kike, mutane da yawa sun rasu saboda an kawo su a makare. An ba mu babur ɗaya mu riƙa kai allura ƙauyukan yashi, kuma mutum ɗaya za mu ɗauka aikin. Ke kika san ƙannenki, zaɓa mana."

Hansatu ta dube su, su ukun suna tsaye a bakin ƙofa suna murmushi. Ta san wata rana wata za ta kwanta kamar yadda ta kwanta, tana sauraron ƙarar babur.

To, jama'a, da ku ne Hansatu, ran matar nan a hannun wa za ku sa shi?