Darar da Kurege Ya Haɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Kurege dai kun san shi, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya gaji da musun Kura da Kunkuru, kowa na cewa darar garinsu ce dara. Sai ya ce zai haɗa musu guda, ya tona gurabe a ƙofar raminsa.

Kura ta ce, "A tamu, ba a tashi sai tsakuwar mutum ta ƙare."

Kunkuru ya ce, "A tamu kuwa, tsakuwar da aka cinye takan huta ta dawo gurbinta."

"Duk na saka!" in ji Kurege, yana tsalle, ko tunani bai tsaya yi ba.

Kura ta zauna daɓas, ta toshe bakin ramin. Ana cinyewa, tsakuwa na dawowa. Rana ta take, yaran Kurege na ciki suna kukan yunwa.

Kurege ya ce, "Yaya Kura, ɗan gusa mana!"

"Kai ka sa dokar, sarkin rawar kai. Ba a tashi!"

Dole ya zagaya baya, ya yi ta tono har faratansa suka dushe, ya fito da su. Shi ya sa ramin kurege ƙofa biyu gare shi. Kura da Kunkuru kuwa suna can suna bugawa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi min daga tabarma!