Firijin Inna Tabawa

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna, ko da yake labarin ma ta waya ya bi. Ga ta nan na shimfiɗa muku. In na kai ƙarshe, sauran aiki naku ne.

A wani ƙauye da ake kira Tudun Kanya, can ƙetaren kogi inda wutar lantarki ba ta taɓa zuwa ba, akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta uku kuma kowa ya yi nasa gidan. Babbarsu Barira tana aure a Kano, tana ɗinki. Mai bi mata Sabitu direban a-kori-kura ne a Haɗeja. Autansu Tasi'u yana da shagon cajin waya a wani gari mai kasuwa, ba nisa da ƙauyen.

Inna Tabawa tana da ciwon suga, kullum sai ta yi allura. Ruwan allurar ba ya son zafi, don haka takan binne kwalbarsa cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Shekara da shekaru haka take yi, lafiya ƙalau. Sai ga wata bazara wadda ko tsofaffi ba su tuna irinta ba. Randa ta daina sanyi, yashi ya bushe kafin a juya. Inna ta ci gaba da allura, amma jiki sai ƙara mutuwa yake. Takan kwanta a tabarma tsakar rana, ido a buɗe, ta ce wa maƙwabciyarta ruwa ya shigo ɗakin har gwiwa, furen bado yana yawo a kansa, ga marigayi mijinta can yana tura kwalekwale tsakanin gado da ƙofa. Tana faɗa tana murmushi. Wata safiya aka kira ta, ba ta amsa ba.

A asibiti aka samo kanta. Likita ya tara 'ya'yan ya ce zafi ne ya kashe maganin tun a kwalba. "In kuka mayar da ita ba tare da wurin sanyi ba," in ji shi, "ina tsoron abin da zai biyo baya." Inna kuwa ta ƙi cin abincin asibiti, kullum maganarta a mayar da ita ɗakinta. Sabon firij mai aiki da hasken rana ya fi ƙarfin su ukun, ko sun haɗu.

Barira ce ta ajiye keken ɗinki ta ɗauki waya. Ta shiga shafukan da mutane ke tallar kayansu na hannu, ta yi ta bi hoto bayan hoto: murhun gas, injin markaɗe, tukunyar lantarki, firij fari, firij ruwan toka, har in ta rufe ido sai ta ga fararen ƙofofi suna wucewa kamar garke. Wani ya ce ta fara turo kuɗin mota, ta gane ɗan damfara ne. Wani hoton ta gan shi a garuruwa daban-daban da sunaye daban-daban. Can ƙasan wani shafi ta ga wata tsohuwar talla, hoton ma dishi-dishi: ƙaramin firij na sola, na wata mai sayar da zoɓo a Azare, Larai, da za ta tashi daga garin. Barira ta kira ta ta bidiyo, ta sa ta zuba ruwa a kofi ta saka ciki, ta jira har ta ga raɓa ta kwanta a jikin kofin. Sai Larai ta ce ai wani mai shago ya riga ta, gobe zai zo ɗauka. Barira ba ta yi ciniki ba. Ta juya wayar ta nuna mata Inna a gadon asibiti. Da Larai ta gan ta, sai ta ce, "'Yar'uwa, ki turo a ɗauka. Ni zan ba shi haƙuri."

Sabitu ne ya tafi. Ya sauke lodin da aka ba shi, ya bar mai kaya yana faɗa, ya kama hanya. Larai ta gargaɗe shi kada ya kwantar da firijin, a tsaye ake tafiya da shi, sai ya naɗe shi da bargo ya ɗaure kamar mai rakiyar amarya. A hanyar dawowa hadarin farko na shekarar ya taso. Sama ta yi shuɗi, ta yi baƙi, ƙasa ta saki ƙamshinta, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ko da ya iso bakin kogi, 'yar gadar ta nutse, masu fito kuma sun ɗaure jiragensu sun ce ba mai shiga. Sabitu ya bar motarsa a nan, ƙafafunta cikin laka, ya roƙi wani tsohon mai fito har ya yarda. Ya zauna tsakiyar kwalekwale ya rungume firijin a ƙirji. Ruwa yana juya su, itatuwa suna wucewa a kife, shi kuwa bai iya iyo ba. Bai saki ba. Daga wancan bakin ya goya shi a baya har ƙofar ɗakin Inna.

Aka jona shi, shiru. Batirin da ya zo da shi ya sha ruwa ya mutu, farantin solar kuma ya tsage a hanya. Tasi'u ya durƙusa ya buɗe bayan firijin, ya shanya abin da ya jiƙe, ya canza wayar da ta ƙone, amma ba wutar da za ta tashe shi. Ya tashi ya hau babur ya koma shagonsa. Ya mayar wa mutane wayoyinsu, ya hau rufi ya kwance farantansa, ya ciro batirinsa, abin da da shi yake ciyar da iyalinsa. Matarsa ta ce, "To mu fa?" Ya ce, "Allah yana nan. Inna ce." Ya rufe shagon, ya kafa kayan a kan ɗakin uwarsa. Da rana ta ɗaga, firijin ya yi wani ɗan gurnani a hankali, kamar kyanwa mai barci. Tasi'u ya buɗe ƙofar, wani farin tururi mai sanyi ya gangaro ya bi ƙafafunsa.

Aka dawo da Inna Tabawa. Aka jera sabon magani a ciki. Kafin gero ya fitar da kai, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, tana yi wa awakin maƙwabta faɗa.

Sai dai likita ya ce kada ta ƙara zama ita kaɗai, ita ma ta yarda bayan kaka za ta koma hannun ɗaya daga cikinsu, ita da firijinta. Nan fa kowa ya ce shi. Barira ta ce ba don ta nemo ba, da ba abin da za a ɗauko. Sabitu ya ce ba don ya ƙetare da shi ba, da yana can Azare. Tasi'u ya ce ba don wutarsa ba, da akwati ne kawai aka kawo. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta share ido da gefen zani, ta ce, "Ku yafe ni, bakina ba zai iya kiran suna ɗaya ba. Ku je ku tambayi mutane."

To, ga ku mutane. Inna ɗaya ce, ba ta rabuwa uku. Tsakanin wadda ta nemo, da wanda ya ƙetaro, da wanda ya tashe shi, gidan wa ya fi cancanta ta shimfiɗa tabarmarta?