Dabinon Arzika da Darar da Ruwa Ya Katse

Tunda ruwan nan ya tsare mu a zaure, kuma ban ga mai shirin fita ba, ku gyara zama in ba ku abin da za ku yi gardama a kai har ya ɗauke. Kai mai gyangyaɗi a bakin ƙofa, matso ciki kafin feshi ya tashe ka.

A Tudun Kanya an yi wani matuƙin igiya mai suna Arzika. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda kana yi masa magana idonsa na kanka amma hankalinsa ya lula wata duniya. Abu biyu kawai ya mallaka: iya dara, da bishiyar dabino guda ɗaya a bakin fadama, wadda mahaifiyarsa ta shuka shekarar da ta haife shi. Da tsohuwar ta rasu aka raba gado, dabinon ya faɗo a rabonsa. Da la'asar yakan je ya kwanta a gindin bishiyar, iska na kaɗa ganyenta, shi kuwa ya lumshe ido ya ce kamar yana jin tsohuwarsa tana tankaɗe a tsakar gida. Yana son bishiyar nan, wannan ba wanda zai musa.

Ana nan, sai Shekarau, wani farken gishiri na garin, ya dawo daga arewa da taguwa, wato raƙuma, fara fat. Arzika ya gan ta sau ɗaya a bakin rijiya, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Yana tuƙa igiya yana ganin kansa a bisa taguwar, ta ratsa gonaki, ta wuce duwatsu, tana tafiya sannu sannu har inda ƙasa ta koma yashi zalla, ba kowa sai shi da sararin sama. Shekarau kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan dabinon. Da ya ga yadda mutumin nan ke kallon dabbarsa, sai ya ce su kara a dara, shi ya sa taguwa, Arzika ya sa bishiya. Arzika ya amsa kafin ya yi tunani. Caca ce, kada wani ya sa mata wani suna, Allah ya tsare mu.

To, ku riƙe al'adar garin, don a kanta maganar take. Dararsu a ƙasa ake haƙa ta, gurabu talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, kuma wasa bakwai ake yi. Idan ruwa ya sauko ya shafe gurabun, wasan da ake ciki ya mutu, sai a koma kan waɗanda aka gama, wanda ke gaba ya kwashe abin da aka sa. Idan gurabun sun tsira, sai a ƙarasa wannan wasan kaɗai a tashi, don ba a haƙa sabuwar dara a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan aka yi kunnen doki, kowa ya riƙe abinsa.

Ran nan aka taru a dandalin kasuwa da hantsi, Shekarau na wasa da tsakuwa, Arzika da ƙwallayen dabino. Kafin azahar an gama biyar, Shekarau ya ci uku, Arzika biyu. A na shida hannun Arzika ya dawo, ya rutsa abokin karawarsa, kowa ya ga saura ƙiris ya ci. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi gabas. Sai dai suka ji iska mai ƙamshin ƙasa ta taɓa wuyansu, gari ya rine, ɗigo na farko ya faɗo tsakiyar wani gurbi. Arzika ya zura wa ɗigon ido yana nutsewa cikin ƙasa, ya kasa ko ɗaga hannu. A lokacin ne ya gane abin da ya aikata, tsoro da kunya suka rufe shi.

Yayarsa Tsahara tana sayar da fura a bakin kasuwar. Wata guda ba ta yi masa magana, tun da ta ji ya fara zancen taguwa. Amma ita ce kaɗai ta lura da hadarin tun yana ɗan tsito. Ta juye furar da ke cikin babban masakinta a ƙasa, cinikin yini guda ke nan, ta ratsa maza da gudu ta kife masakin a kan darar daidai lokacin da ruwa ya kece. Iska ta nemi ta ɗauke shi, sai ta kwanta a kai da ƙirjinta. Haka ta zauna ruwa na dukan bayanta har ya ɗauke, daga baya ta yi mako biyu tana jinyar mashaƙo. Da ba ta kife masakin ba, da ruwan farko ya gama da darar.

Ƙanensu Mantau yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Shi ma yana da rabo a zuciya game da bishiyar, don ya so a ce ta faɗo a nasa gadon. Ya tarar kowa ya gudu rumfa, ga yayarsa kwance a kan masaki, ga ruwan da ya taru daga saman kasuwa yana gangarowa kai tsaye wajenta. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ja kwalbati ya karkatar da ruwan, ya tayar da kunyar ƙasa kewaye da masakin, duk inda ta fashe ya toshe da hannu. Ana tsawa, mutane na kiransa ya jefar da ƙarfen nan, bai ko waiwaya ba. Da bai ja ruwan nan ba, da ya bi ta ƙarƙashi ya kwashe komai.

Da ruwan ya ɗauke, aka ɗaga masakin a hankali. Layi huɗu na nan daram, amma danshi ya ci layin ƙarshe, gurabunsa sun narke, 'ya'ya biyar sun gangaro sun taru wuri ɗaya. Shekarau ya ce dara ta mutu. Dattijon da ke alƙalanci ya ce ba ta mutu duka ba, amma sai an sami wanda ya san mazaunin kowane ɗa, wanda kuma duka ɓangarorin za su yarda da bakinsa. Can sai Jatau tela ya fito daga rumfa. Jatau ba ya wasa, kallo kawai yake yi, kuma 'yar Shekarau yake aure, a gidan da Shekarau ya ba shi yake zaune. Ya durƙusa, ya mai da ƙwallo uku da tsakuwa biyu kowanne mazauninsa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka gafarce ni, haka suke." Shekarau ya daɗe yana duban darar, ya ce haka suke. Tun daga ranar bai sake amsa gaisuwar surukinsa ba. Da Jatau ya yi shiru, da wahalar waɗancan biyu ta tashi a banza.

Arzika ya tsuguna, ya yi motsi uku ya ci wasan. Uku da uku, kunnen doki. Shekarau ya ja taguwarsa ya tafi, dabino ya tsira.

Mutane suka zaci Arzika zai yi murna. Ina! Ya miƙe, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, "Hannun da ya ɗora shukar uwarsa a kan dara bai dace ya riƙe ta ba. Ɗayanku ku ukun nan zai karɓa."

Ga bishiya guda ɗaya, ba a tsaga ta uku. Ga Tsahara da ta zubar da abincinta ta tare ruwan sama da bayanta. Ga Mantau da ya tsaya cikin tsawa ya tare ruwan ƙasa. Ga Jatau da ba jininsu ba, wanda ya sayar da zaman lafiyar gidansa don kalma ɗaya ta gaskiya. Kada kowa ya ce min a raba 'ya'yan dabinon, na ji wannan dabarar tun kafin a haife ku, kuma Arzika ya ƙi ta.

To, jama'a, wa za a ba dabinon?