Kurege da Kotun Gindin Kuka

Ga wata nan ta taso, ku gyara zama ku tarbe ta.

A shekarar da damina ta yi gardama, yunwa ta kama Kurege har haƙarƙarinsa suka fito. Yana kwance a kan reshe sai ya ji hayaniya daga fadama. Ɓauna ce da maƙwabcinta Gadu suke cacar baki a kan kunyoyin gyaɗar da ke iyakar gonakinsu.

"Kotu zan kai ka!" in ji Ɓauna, alhali ko inda ƙofar kotu take kallo ba ta sani ba.

Kurege ya lashi baki. "Ni ne Kurege, wutsiya ta fi gangar jiki! Yau abinci ya zo da ƙafarsa."

Ya tsinci baƙar leda ya yafa, ya ɗora auduga a ka, ya sha gaban Ɓauna.

"Gwaggo, Allah ya taimake ki da kika gamu da lauya. Duk wanda ya shiga kotu shi kaɗai, tun daga ƙofa ake zare masa ƙaho."

Ɓauna ta shafa ƙahonta. "To yaya za a yi, lauya?"

"Kawo buhun gyaɗa, kayan shaida. Sai alƙali ya ɗanɗana zai gane ƙasar wa ta haife ta."

Ta kawo. Kurege ya ja buhu zuwa kogon kuka, ya ci har kumatunsa suka gaji.

Da gari ya waye ya kifa ɓawon jan tattasai a ka, ya riƙe guntun kara, ya doshi gonar Gadu yana taku ɗai-ɗai.

"Kawu, ni ɗan dokan kotu ne. An yi ƙararka, kuma hukuncin irin laifinka cire haure ne. Sai fa in ka yi belin kanka da buhun gyaɗa."

Gadu ya ɗauko buhu har da ƙari.

Daga nan kullum Ɓauna ta tambayi labarin shari'a sai lauya ya ce an ɗage. Yau alƙali na mura, gobe ya tafi suna, jibi jakinsa ya ɓata. Da gyaɗa ta ƙare, Kurege ya ce, "Wanda ya yi lauya ya yi ɗan doka, alƙalanci ne zai gagare shi?" Ya naɗa tsumma a ka har ya rufe hanci, ya hau kan suri a gindin kuka, ya aika a kira Ɓauna da Gadu.

"Na duba, na auna," in ji shi da murya mai kauri. "Gyaɗar iyaka ba ta ɗayanku ba ce, ta kotu ce. Ku tone ku kawo nan."

Gadu ya ce Allah ya gafarta malam, ya tafi yana sharar hawaye. Ita kuwa Ɓauna hukuncin bai kwanta mata ba. A mashaya ta ba Jimina labari, Jimina ta ce, "Ke kuwa, ai sai ki ɗaukaka ƙara. Kowace kotu akwai ta sama da ita."

Da gari ya waye Ɓauna ta naɗe ƙahonta da zane, ta yi ta maza ta shiga gari. A ƙofar kotu ba wanda ya taɓa ta. Magatakarda Zalɓe ya ce ta zauna, ya tambayi kotun da ta yanke hukuncin.

"Ta gindin kuka."

"Baiwar Allah, babu kotu a gindin kuka. Ƙararki ma ba ta taɓa zuwa nan ba. Da bakinki za ki faɗi kukanki, mu kira wanda kike ƙara, kowa ya kawo shaidunsa. In kina son lauya ba ki da hali, ga ofis can a gefe, kyauta suke tsaya wa talaka."

Aka kira Gadu. Alƙali Raƙumin Dawa ya saurari kowa, ya ji bakin dattawan fadama, ya nuna musu inda iyaka ta tsaya, kowa ya gamsu. Sannan ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce, "Yanzu a kawo mini abokin aikin nan nawa na gindin kuka."

Kurege ya hango Ɓauna da Gadu tafe, ya ɗauka gyaɗa ce ta iso, ya yi maza ya naɗa rawani. Sai ya ga Damisa, ɗan dokan gaske, a gaba.

"Allah ya gafarta malam," in ji Damisa, "ana nemanka a kotu."

"An ɗage zama!" in ji Kurege, ya diro daga suri.

Rawani ya warware ya harɗe masa ƙafa. Gadu ya taka bakin tsumman, Ɓauna ta sa ƙaho ta wurga Kurege can cikin sarƙaƙiya. Ya fito ta ɗaya gefen, jiki duk ƙaya, rabin gashin wutsiya ya tafi, yana ɗingishi yana gudu. Da ya ga ya yi nisa sai ya waiwayo ya ɗaga murya:

"Ban yarda da wannan hukunci ba! Ni ma zan ɗaukaka ƙara!"

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓawon gyaɗa.